Bruce Lee biyu a shekara guda: Yadda salon faɗan jarumin fim ke tona halinsa

Ranar wata Talata, lokacin hutun ƙarfe goma, ina zaune cikin aji ina gyaran littattafan lissafi sai na ji ihu ya kaure a filin lakwal ɗinmu da ke nan Gounghin, a birnin Wagadugu. Kafin in fito yara sun yi zobe. A tsakiyarsu ga yaro ɗaya kwance cikin jar ƙura, leɓensa ya fashe, ga wani tsaye a kansa yana ƙara masa ƙafa a haƙarƙari. Su biyun duk 'yan ajina ne, CM2, ajin ƙarshe na firamare, kuma benci ɗaya suke zama.

Da na raba su, na wanke wa mai raunin baki, sai na ja ɗayan gindin bishiya. Na ce, "Kai, ka ga ya faɗi. Me ya sa ka bi shi da shuri?"

Ya ce, "Mushe, wallahi wasa muke yi. Ni ne aktar, shi ne shef bandi. Ai haka aktar yake yi, sai ya ƙarasa shi."

Masu karatu na Kano da Katsina kada ku firgita, ba mushen da kuka sani ba ne. Haka yaranmu na ƙasashen Faransanci ke kiran malamin boko. Aktar kuwa shi ne jarumin fim, shef bandi shi ne wanda kuke ce wa bos.

Na yi masa faɗa, an kira iyaye, an ba da haƙuri, magana ta wuce. Amma kalmar nan tasa, "haka aktar yake yi", ta ƙi barin raina. Ni ma a gidan bidiyo na tashi, kuma na san jarumai ba hali ɗaya gare su ba. In kana son sanin halin kowanne, kada ka tsaya ga abin da yake faɗi, dubi yadda yake faɗa. Ban san misalin da ya kai wanda Bruce Lee ya bar mana a 1972 ba, shekarar da ya fito a matsayin mutum biyu masu hali daban-daban.

Dala goma, benci da allo

Wagadugu gari ne da ya san fim. Tun 1969 ake bikin FESPACO a nan, hedikwatarsa ma ba ta da nisa da unguwarmu. A 1972 aka fara ba da babbar kyautar bikin, Dokin Yennenga, kuma ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta, Oumarou Ganda. Sai dai mu 'ya'yan Hausawan Zango da muka yi wayo a ƙarshen shekarun 1990, ba irin waɗannan fina-finan muka fi sani ba. Silimarmu rumfar kwano ce mai benci da talabijin ɗaya, ga allo a ƙofa an rubuta fim ɗin ranar da alli. Dala goma, wato sefa 50, ka shiga. In an tashi, duk lungu sai ya koma filin karate, kowa na kukan kyanwa yana shafar hanci da babban yatsa.

Kwaikwayon nan ba da mu ya fara ba. Tun 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi fim a kansa mai suna Le Retour d'un aventurier. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi mutanen garinsu. Har yau cutar ɗaya ce: yaro yakan kwashi motsin jarumi, ya bar dalilin motsin a cikin akwatin talabijin.

Da Faransanci muka kalli fina-finan Bruce Lee. Biyu daga cikinsu sunayensu sun yi kama har mukan rikita su: La Fureur de vaincre, wanda 'yan Nijeriya suka sani da Fist of Fury, da La Fureur du dragon, wato The Way of the Dragon. Duka a Hong Kong suka fito a 1972, na farko a watan Maris, na biyu a Disamba. Jikin ɗaya ne, ihun ɗaya ne, har sandunan nan masu sarƙa da ake kira nunchaku suna cikin kowanne. Amma Chen Zhen na fim ɗin farko da Tang Lung na fim na biyu, da za a zaunar da su majalisa ɗaya, ba na jin za su gama shayin farko tare.

Chen Zhen: zuciya a gaba, tunani a baya

Labarin Chen Zhen a Shanghai yake, farkon ƙarni na 20, lokacin da ƙasashen waje ke iko da manyan sassan birnin. Malaminsa, Huo Yuanjia, mutum ne da ya rayu da gaske, ya rasu a 1910. Shi Chen Zhen ɗin ne marubuta suka ƙirƙira. Tun a farkon fim muka gan shi a maƙabarta, ana ruwan sama. Ya faɗa kan akwatin gawar malaminsa yana tonon ƙasa da hannu, an rasa mai riƙe shi, sai da babban ɗalibin makarantar ya buga masa shebur ya suma. Bai kai wa kowa naushi ba tukuna, amma an riga an gaya mana ko wane ne: mota ce marar birki, sai dai a tare ta daga waje.

Ana zaman makoki sai ga mutanen wata makarantar Japanawa sun kawo allo cikin gilashi, an rubuta cewa 'yan China majinyatan gabashin Asiya ne. Manya suka ce a yi haƙuri. Chen Zhen ya yi shiru jikinsa na ɓari. Bai shawarci kowa ba, ya ɗauki allon ya mayar musu, shi kaɗai.

To dubi yadda ya yi faɗan. Tsakiyar ɗakin ya tsaya, ya bar su suka kewaye shi, ko sau ɗaya bai waiwayi ƙofa ba. Duk bugun da ya kai, na gamawa ne. Da ya zaro nunchaku, kai da ƙwauri da idon sawu ya dinga bi. Bayan kowa ya zube, shi bai gama ba: ya fasa gilashin, ya yage takardar, ya tilasta wa mutum biyu tauna ta. A nan an wuce kare kai. An wulaƙanta shi, to sai ya ga wulaƙancin ya koma cikin bakin da ya fito.

Ba zan yi ƙarya ba, wurin nan mun yi ta tafi har mai gidan bidiyo yana tsawa. Kuma tafin yana da tushe. Ƙasar nan tamu, lokacin tana Haute-Volta, daga cikinta Faransa ta dinga kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin tilas, sai a 1946 aka soke shi a doka. Duk wanda kakansa ya ba shi irin wannan labari, in ya ga an ciyar da mai girman kai takardar zaginsa, dole ransa ya yi sanyi.

Amma a lura da fuskar Chen Zhen bayan ya kai bugun kisa. Dunƙulen hannunsa yakan tsaya yana rawa, fuskar ta murtuke kamar mai shirin fashewa da kuka. Bugun ba ya huce masa zuciya, ƙara hura ta yake yi. Da ya gano mai dafa abinci da mai kula da gida ne suka sa wa malaminsa guba, ya kashe su da hannu, ya rataye gawarwakin a ƙarfen fitilar titi. Ba wai ba shi da dabara ba ne. Ya yi shigar tsoho mai sayar da jarida, ya yi ta mai jan keken ɗaukar mutane, ya yi ta mai gyaran tarho. Sai dai duk dabarar baiwar fushinsa ce, inda ya aike ta nan take zuwa.

Wa ya biya kuɗin sabulu? 'Yan makarantarsu. Lokacin da yake can yana kashe Petrov ɗan Rasha da Suzuki shugaban Japanawan, yaran Suzuki suna makarantarsu suna karkashe 'yan uwansa. Ya dawo ya tarar da gawarwaki. A ƙarshe ya miƙa kansa don a ƙyale waɗanda suka rage, ya fito ya tarar da layin masu bindiga, ya ruga ya daka tsalle ya nufe su. Hoton ya tsaya cak, sai ƙarar harbi. Mu da muke rantsuwa cewa aktar ba ya mutuwa, ranar shiru muka fita. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Chen Zhen jarumi ne mai amana da kishin mutanensa, amma salon faɗansa na mutumin da bai taɓa lissafa gobe ba ne, tasa ko ta wani.

Tang Lung: ɗan ƙauyen da ke kallo kafin ya motsa

Fim na biyu Bruce Lee ne ya rubuta shi, ya ba da umarni, ya kuma fito a ciki. Farkonsa ma abin dariya ne. Tang Lung ɗan ƙauye ne daga bayan garin Hong Kong, an aiko shi birnin Rum na Italiya ya taimaki wasu 'yan ƙasarsu da 'yan daba ke son ƙwace wa gidan abinci. A filin jirgi yunwa ta kama shi, bai iya karanta takardar abinci ba, ya nuna da yatsa, aka jere masa kwanonin miya birjik. Kowane lokaci tambayarsa ina makewayi. Budurwar da ta zo tarbarsa kallon "wannan aka aiko mana?" take yi masa. Duk wanda ya taɓa sauka baƙon gari, ba harshe ba ɗan uwa, ya san wannan hali. Mu 'yan Zango kakanninmu da haka suka zo.

Abin lura shi ne, rainin bai dame shi ba. Ma'aikatan gidan abincin suna koyon karate, suna yi masa shaguɓe, shi murmushi kawai yake yi. Chen Zhen ba ya iya kwana da zagi. Tang Lung kuwa ko a jikinsa.

Faɗansa na farko a lungun bayan gidan abincin aka yi shi. Yakan tsaya ya jira mutum ya kawo, ya kauce, ya ba shi ɗaya ko biyu, shi ke nan. Da 'yan dabar suka fara zuwa da bindiga, sai ya fiƙe 'yan kibau na itace da hannunsa. In ya jefa, hannun da ke riƙe da bindigar yake nema. Mai iya samun hannu daga nesa ai zai iya samun maƙogwaro, zaɓi ne ya yi. Sau da yawa yakan bar su su tashi su koma su kai wa maigidansu saƙo. Bai bi su har gida ba sai da suka sace budurwar.

Sai babban faɗan, wanda duk mai shekaruna ya haddace. Shugaban 'yan dabar ya ɗauko hayar wani Ba'amurke mai suna Colt, wanda Chuck Norris ya fito a matsayinsa, shi kuwa zakaran karate ne na gaske a lokacin. Suka haɗu a Kolosiyam, tsohon filin da Rumawan dā ke haɗa mutane faɗa. Ba zagi, ba cika baki. Kowa ya tuɓe riga ya motsa jiki, ba mai kallonsu sai wata 'yar kyanwa.

Da farko Tang Lung ya sha kashi. Ya tsaya da ƙafa a kafe kamar yadda aka koya masa, Colt ya fi shi nauyi, ya yi ta kai shi ƙasa. A nan ne halinsa ya fito. Chen Zhen ne da sai ya ƙara ihu ya ƙara ƙarfi. Tang Lung tashi ya yi, ya yi ɗan tunani, ya saki jikinsa, ya fara 'yar rawa a kan yatsun ƙafa, yana shiga yana fita. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Colt ya yi ta dukan iska. Mutumin da zai iya yarda a tsakiyar faɗa cewa hanyarsa ba ta ɓullewa, ya sake wata, mutum ne da girman kai bai ɗaure shi ba.

Wannan tunanin Bruce Lee ne na kansa. Ya koyi salon Wing Chun a hannun Ip Man, ya ci gasar rawar cha-cha ta Hong Kong a 1958, ya yi ta nazarin hotunan damben Muhammad Ali, a 1967 kuma ya sa wa hanyarsa suna Jeet Kune Do, wadda ginshiƙinta shi ne kada mutum ya zama fursunan salo ɗaya. Rawar ƙafar nan ta Kolosiyam daga can ta fito.

Ƙarshen faɗan ne ya sa na rubuta wannan maƙala. Tang Lung ya lalata wa Colt hannu da ƙafa. Colt ya miƙe da ƙyar yana jan ƙafa. Tang Lung ya dubi ƙafar, ya dube shi, ya girgiza kai, alamar ya isa haka. Bai matsa ba, bai ƙara masa ba. Colt ne ya ƙi, ya afko masa, a nan ajalinsa ya sauka. Ba murna a fuskar Tang Lung. Ya je ya ɗauko farar rigar Colt da baƙar ɗamararsa, ya lulluɓe shi, ya durƙusa a gefensa.

Ga mutum biyu, kowa ya kashe abokin gaba. Ɗaya ya rataye gawa a titi don duniya ta gani, ɗaya ya rufe ta don kada a gani. Ko da an kashe sautin fim ɗin gaba ɗaya, wannan ya ishe ka sanin halinsu.

Abin da 'yan dambe suka riga mu sani

Wani zai ce, Malam, ai fim ne, duk tsarawa aka yi. Gaskiya ne, kuma shi ya sa maganar ta fi ƙarfi. Tunda tsarawa ake yi, ba bugun da ke zuwa a banza. Mai tsara faɗa marubuci ne da ke rubutu da gwiwar hannu da diddige. Hujja ita ce, a 1994 an sake yin labarin Chen Zhen a fim ɗin Fist of Legend, Jet Li ya fito a matsayinsa. Da suka so su mai da shi mai natsuwa, ɗalibin da ya yi karatu a Japan, sai suka sake masa faɗa: ihu ya ragu, lissafi ya ƙaru, har yana koyon darasi daga wani dattijon Bajapane. Sunan bai canza ba, amma da hannun ya canza sai mutumin ya zama wani.

Mu Hausawa ba baƙin wannan karatu ba ne. A dambe, hannun da aka naɗe shi ne mashi, ɗayan kuwa garkuwa, kuma 'yan kallo sun san ɗan damben da ke ji da mashinsa kaɗai da wanda ya san amfanin garkuwa. Sun san mai gaggawa, sun san mai jiran turmi na uku. Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar kisa. A dambe, da hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, wasa ya ƙare. Kisan iyakarsa faɗuwa. Wanda ya bi na ƙasa da duka ba jarumi za a kira shi ba, fili ne zai tashi a kansa. Haka abin yake a kokawar Nijar ta neman takobi, haka yake a kokawar Samo ta yankin Toma a nan Burkina Faso. Tun muna makarantar allo ma aka karantar da mu cewa ƙarfi na gaske yana wajen riƙe kai lokacin fushi, ya fi kayar da mutane.

Don haka in zan auna kowane jarumi, na China ne ko na Indiya ko na Amurka, abu uku nake dubawa. Me ya sa ya ɗaga hannu, kansa yake karewa ko wani, ko kuwa zuciyarsa yake bi? In ya sha kashi, me yake yi, ƙarin fushi ko ƙarin tunani? In abokin karawarsa ya faɗi, me hannunsa ke yi? Ta ukun nan ita ce ba ta ƙarya.

Komawa aji

Yaran yanzu ba su san rumfar bidiyo ba. A wayar yayyensu suke kallo, kuma galibi ba fim ɗin suke gani ba, guntun faɗan ne na minti biyu da wani ya yanko ya ɗora a TikTok ko WhatsApp. Mu ko ba komai mun ga makarantar Chen Zhen cike da gawa, mun san abin da fushinsa ya jawo. Su bugun kawai ke isowa gare su, ba farko ba ƙarshe. Ɗalibina bai yi ƙarya ba da ya ce haka aktar yake yi. Iyakar abin da aka nuna masa ke nan.

Ranar Juma'a da yamma, da muka gama darasi, na ɗora wayata a kan tebur na tara su. Na nuna musu wurin da Tang Lung ya canza rawar ƙafa, da wurin da ya girgiza kai, na tsallake kisan, na nuna musu lulluɓewar. Da yawansu ba su taɓa jin sunan Bruce Lee ba. Na gaya musu ya rasu tun 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32, kafin a haifi iyayen wasunsu.

Na ce, "Me kuka gani?"

Wata yarinya daga baya ta ce, "Mushe, ya yi masa sutura."

Shi kuwa gogan nawa ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ɗaga hannu ya ce, "To Mushe, ba maƙiyinsa ba ne? Me ya sa zai rufe shi?"

Ban ba shi amsa ba. Na rubuta tambayar tasa a allo, na ce kowa ya zo mini da layi goma a kanta ranar Litinin. Wasu sun rubuta don tausayi ne, wasu sun ce don Colt bai gudu ba, wani ya ce don kada kyanwar ta ci shi. Shi ya rubuta cewa wataƙila aktar ɗin bai so abin ya kai haka ba.

Iyaye, hana yaro kallo a zamanin nan ya yi wuya, kowa ya sani. Amma zama kusa da shi na minti biyar bai gagara ba. In ya gama, maimakon "wa ya ci?", a tambaye shi me jarumin ya yi bayan ɗayan ya faɗi.

Har yanzu ana wasan aktar da shef bandi a filin lakwal ɗinmu, ban hana ba, kuma na san ko na hana a bayan katanga za a yi. Doka ɗaya muka aro daga 'yan dambe: wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare, wanda ya kayar kuma shi zai miƙa hannu ya tashe shi. Ba kullum ake bin ta ba. Shekaranjiya ma sai da na raba wasu. Amma yanzu in wani ya ɗaga ƙafa a kan na ƙasa, kafin in iso nakan ji sauran suna ihu, "Kisa ne! Kisa ne!"